Tsinkewar Jijiyar Gwiwa: Nazarin Jinyar Wani Saurayi Ɗan Ƙwallo a Maraɗi

Mai jinyar da wannan nazari ya shafa saurayi ne ɗan shekara 24, mazaunin unguwar Zariya a birnin Maraɗi, yana tsaron shagon wansa a babbar kasuwa, yana kai wa masu saye kaya a kan moto, da yamma kuma yana buga ƙwallo a ƙungiyar unguwa. An sakaya sunansa da na iyalinsa da na asibitocin da ya bi. Abin da ya sa lamarinsa ya cancanci a rubuta shi ne cewa tiyatar da aka yi masa ba ta kai awa biyu ba, amma makomar gwiwar ta rataya ne a kan makonnin da suka gabaci aikin da watannin da suka biyo bayansa, kuma kusan dukkan wannan a tsakar gida ya gudana, inda babu likita.

Raunin ya same shi a watan Janairu. Yana cikin gudu da ƙwallo ya kafa ƙafar dama a rairayi, ya murɗa jikinsa hagu domin ya yanke mai tsaron baya, sai ya ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwar, ya zube. Babu wanda ya taɓa shi, abin da ya sa wasu a gida suka fara zancen kambun baka. Alhali haka wannan rauni ya saba zuwa, domin kusan kashi 70 cikin 100 na masu samunsa ba karo suka yi da kowa ba, juyawa ce kawai ko dirowa daga tsalle a kan ƙafar da ta kafe a ƙasa. Kafin sallar isha'i gwiwar ta yi suntum. Kumburin da ke zuwa cikin ƴan awoyi irin wannan jini ne ya taru a cikin gaɓar, kuma idan ya haɗu da jin ƙara da kasa ci gaba da wasa, abin da likita yake fara zargi shi ne tsinkewar jijiyar gicciye ta gaba.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar sun gicciye juna. Ta gaba a cikinsu, wadda likitocin Nijar ke taƙaita sunanta da LCA, na Najeriya kuma ACL, ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ita ke kuma riƙe shi idan jiki ya juya. Jijiyar gefe ta ciki idan ta yage takan warke da kanta cikin makonni, saboda tana wajen gaɓar kuma jini yana isarta sosai. Ta tsakiyar kuwa a cikin ruwan gaɓa take, ruwan da ba ya barin jini ya daskare ya haɗa bakunan biyu, don haka idan ta rabu ba kasafai take komawa yadda take ba.

Washegari mahaifinsa ya kai shi wurin wani mai ɗori, wanda ya lalubi gwiwar ya ce babu karaya, targaɗe ne, ya ja ƙafar, ya shafa magani, ya ɗaure ta da karare da tsumma a ɗan lanƙwashe, ya ce kada a kwance sai bayan mako uku. Da aka kwance aka kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho domin a fitar da mataccen jini. A yi wa mai ɗorin adalci, maganarsa ta cewa babu karaya gaskiya ce, kuma hutun da ya tilasta wa saurayin ya rage masa zafi. Sai dai jijiyar da ta tsinke tana tsakanin ƙasusuwa biyu inda hannu ba ya kaiwa, jinin da ya taru kuma a cikin gaɓa yake inda ƙaho ba ya isa, iyakarsa ya buɗe fata a kusa da wurin da ƙwayar cuta ke iya lalatawa cikin kwanaki. Kumburin zai sace ko an yi magani ko ba a yi ba, sacewar tasa ce ke jawo wa maganin yabo. Abin da ɗaurin ya bari shi ne gwiwar da ba ta miƙewa sosai da cinyar da ta rame, domin tsokar gaban cinya tun makon farko take fara zubewa idan aka daina aiki da ita.

Cikin Fabrairu ya koma kasuwa. Idan tafiya ce a miƙe babu abin da yake ji, shi ya sa kowa ya ɗauka an wuce wurin. Matsalar takan taso ne idan zai juya da kaya a kafaɗa, ko zai sauka daga moto a kan rairayi, ko zai tayar da shi da ƙafa, sai gwiwar ta kufce masa ya durƙushe, ta kumbura kwana biyu ta sace. Ya fara sayen tramol wurin masu tallar magani domin ya iya wuni a tsaye, a watan Maris har ya gwada komawa fili, bai daɗe ba ta sake kufcewa. Daga ranar ne wata suka ta bayyana a gefen gwiwar na ciki duk lokacin da ya tsuguna. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai faya-fayan guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda likitoci ke kira meniskus, su ke shanye nauyi da girgiza. Kowace kufcewa tana matse su tsakanin ƙasusuwa, kuma na ciki ne ya fi jin jiki a gwiwar da ta daɗe babu jijiya. Jijiyar dai tun ranar farko ta tafi, babu abin da gaggawa za ta ceto a kanta, amma faifan bisa dukkan alamu a watan Maris ya yage, wannan kuwa asara ce da jinkiri da tramol suka jawo.

A watan Afrilu wansa ya kai shi wurin likita a Maraɗi. An ɗauki hoton ƙashi, ya fito babu komai, har mahaifin ya yi hamdala ya ce a koma gida, sai da likitan ya fahimtar da shi cewa irin wannan hoto, wanda ake kira radiyo, ƙashi kawai yake nunawa. Hannu ne ya gano cutar. Likitan ya kwantar da shi, ya lanƙwasa gwiwar kamar digiri 20 zuwa 30, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan. A ƙafar hagu ƙashin ya motsa kaɗan ya tsaya cak, a ta dama kuwa ya biyo hannu babu abin da ya tare shi. Wannan shi ne gwajin Lachman, wanda likitan Amurka Joseph Torg ya bayyana a rubuce a 1976 ya sa masa sunan malaminsa, kuma a hannun wanda ya iya yana gano mafi yawan masu wannan rauni ba tare da na'ura ba. Da aka auna, cinyar dama ta gaza ta hagu da santimita 3, gwiwar tana tsayawa saura digiri 10 ta miƙe, lanƙwasawa kuma ba ta wuce digiri 110.

Saura hoton maganaɗisu, IRM a bakin likitocin Nijar, wanda ke nuna jijiya da guringuntsi, da kuma ganin likitan da ke irin wannan aiki. Iyalin suka auna tsakanin Yamai, wadda ke da nisan fiye da kilomita 600, da Kano, wadda ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ba ta kai 300 ba, ta kuma daɗe da suna a aikin ƙashi saboda Asibitin Ƙashi na Dala. Samun kawunsa a Kano, wato masauki da mai tsayawa a kan lamarin, shi ya yanke shawarar. Hoton ya tabbatar da tsinkewar jijiyar gaba ɗaya, da yagewar faifan ciki daga gefensa na baya, wurin da jini ke isa, wanda ke nufin ana iya ɗinke shi maimakon a yanke.

Ba duk mai tsinkakkiyar jijiya ne ke buƙatar tiyata ba, kuma likitan Kano ya faɗa musu haka tun farko. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin aka wallafa a 2010 ya raba matasa 121 gida biyu, aka yi wa rukuni ɗaya tiyata da wuri, ɗayan kuma aka fara shi da motsa jiki aka bar tiyatar sai idan ta zama dole. Bayan shekara 2 ba a ga wani bambancin kirki tsakaninsu ba, bayan shekara 5 kuma kusan rabin rukuni na biyu ba su buƙaci wuƙa ba. Da a ce mai jinyar nan magidanci ne mai zaman shago wanda gwiwarsa ba ta kufcewa, da motsa jiki ya wadatar. Amma tasa tana kufcewa a wurin neman abincinsa, ga faifan da ɗinkinsa ba zai riƙe ba a gwiwa mai lilo, ga ƙuruciya da son komawa fili. An kuma gaya masa abin da aikin ba zai yi ba. Ba ya kawar da haɗarin ciwon gaɓa na zaizayewar guringuntsi idan shekaru suka ja, kuma wani nazari na 2014 da ya tattara sakamakon dubban masu jinya ya nuna kashi 81 cikin 100 sun koma wani nau'in wasa, 65 sun koma matsayinsu na da, 55 kawai suka koma gasa.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne lokacin aikin. Kawun ya ce: "Likita, tunda mun zo, kuɗin kuma suna hannu, a yi a gama mana, hanyar nan ba ta biyuwa sau biyu." Likitan ya amsa: "Alhaji, gwiwar da aka shiga tana kumbure ba ta miƙewa, haka take fitowa, wani lokaci ma ta fi haka ƙagewa. Ku koma Maraɗi ya miƙar da ita, sannan ku dawo." Kawun bai ji daɗi ba, kuma ana iya fahimtarsa, domin kuɗin mota da na canji da na masauki duk za su ninka. Amma gaskiya tana wajen likitan. Tun 1991 likitan Amurka Donald Shelbourne da abokan aikinsa suka nuna cewa yin wannan tiyata a kan gwiwar da ke cikin kumburi yana ƙara haɗarin tsirowar tabo a cikin gaɓa har ta sandare, kuma sandararriyar gwiwa ta fi mai lilo wahalar da mai ita, domin mai lilo yana tafiya daidai, ita kuwa ɗingishi ne a kowane taku.

Mako shida ya yi yana shiri a hannun wani ma'aikacin gashin ƙashi a Maraɗi, wanda mutanen gari ke kira kine. Aikin babu wani abin burgewa a cikinsa. Zai zauna a tabarma ya ɗora diddige a kan naɗaɗɗen zane, ya bar gwiwar ta sauka da nauyinta na minti goma. Zai matse tsokar cinya yana danna bayan gwiwa ƙasa, ya ɗaga ƙafar a miƙe, ya jawo diddige zuwa jikinsa, daga baya aka ƙara keke da tashi daga kujera a hankali. A ƙarshen makonnin gwiwar tana miƙewa daidai da ƴar'uwarta, kumburi ya tafi, ɗingishi ya ɓace, kuma ya riga ya haddace motsin da zai yi washegarin tiyata, lokacin da zafi ba zai bar shi ya koyi sabon abu ba. An yi gwajin jini da na suga da na sikila, na ƙarshen saboda ɗaurin da ake yi wa cinya don tsayar da jini lokacin aiki yana da haɗari ga mai ita. An sa shi ya bar taba, wadda ke jinkirta warkewar rauni, ya kuma faɗi gaskiyar tramol ɗin da yake sha aka janye masa shi sannu a hankali, domin jikin da ya saba da shi ba ya jin maganin zafi yadda ya kamata, barinsa farat ɗaya kuma yana da nasa wahalar.

Shirin gida ma ya shiga lissafi, kuma a ganin mai wannan nazari shi ne ɓangaren da takardun asibiti suka fi mantawa, saboda an tsara su ne don gidaje masu gado da masan zama. Saurayin a katifa yake kwana a ƙasa, masan gidansu na tsuguno ne, abinci a tabarma ake ci. Aka aro gado, aka kai wa mai walda ya ƙera kujerar ƙarfe mai rami da za a ɗora a kan masai, aka tanadi kujerar wanka da ta sallah, aka sayo sandunan dogarawa ya koyi tafiya da su tun yana da lafiyar yin haka, aka kuma shirya da mai sayar da ƙanƙara na bakin titi.

An yi aikin a farkon Yuli, da allurar baya mai kashe rabin jiki. Ba ɗinke tsohuwar jijiya ake yi ba, sabuwa ake dasawa daga jikin mutum. Hanyoyi biyu suka fi shahara: a yanko tsakiyar jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa da guntun ƙashi a kowane baki, dabarar da Kenneth Jones ya bayyana a 1963 wadda likitocin Faransa ke kira da sunansa har yau, ko a zaro siraran jijiyoyi biyu na bayan cinya a ninka su huɗu. Ta farko tana da ƙarfi sosai, amma ta fi barin ciwo a gaban gwiwa idan mutum ya durƙusa. Ga wanda ke sujada 34 a kowace rana a sallolin farilla kaɗai, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne, saboda haka aka zaɓi ta biyu. Ta ƙananan huji biyu aka shigar da kyamara da kayan aiki, aka share ragowar jijiyar, aka ɗinke faifan, aka huda rami a ƙashin ƙwauri da wani a ƙashin cinya daidai mazaunin ta asali, aka zura sabuwar, aka riƙe ta da maɓallin ƙarfe a sama da ƙusa mai murɗi a ƙasa. Saboda ɗinkin faifan, likitan ya gindaya sharuɗɗa: kada gwiwar ta wuce digiri 90 har mako shida, a taka ƙafar kaɗan-kaɗan da sanduna, babu tsuguno har wata huɗu, babu moto har sai an ba da izini.

Sun dawo Maraɗi yana miƙe a kujerar baya, ana tsayawa a hanya yana motsa idon sawu, da allurar tsinka jini ta ƴan kwanaki, domin doguwar tafiya a zaune bayan tiyatar ƙafa tana iya sa jini ya daskare a sha-raɓa, gudan kuma idan ya ɓalle huhu yake nufa. An faɗa wa ƴan gida cewa ciwo da kumburi a sha-raɓa, ko numfashi sama-sama, ba abin jiran safiya ba ne.

Kuskuren farko daga tausayi ya fito. Da kine ya zo gida a makon farko ya tarar da matashin kai a ƙarƙashin gwiwar. Ya ce: "Inna, a mayar da shi ƙarƙashin diddige." Mahaifiyar ta ce: "Ɗana, ai yaron nan ba ya samun barci sai da shi." Ya ce: "Na sani, Inna, amma idan ta saba da lanƙwasar nan mako uku, sai an sake shiga ciki kafin ta miƙe." Gwiwar da aka yi wa aiki ta fi son zama a ɗan lanƙwashe saboda a nan zafi ke lafawa, kuma a nan tabo ke kama ta. Miƙewa ita ce aikin makonni biyun farko, tare da tayar da tsokar cinya, wadda kumburi ke kashe wa ƙarfi har mutum ya umarce ta ta ƙi motsi. Ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20 sau da yawa a wuni, da ɗaga ƙafa sama da ƙirji, su suka yi maganin kumburin.

A mako na biyu zazzaɓi ya rufe shi. A Maraɗi cikin damina kowa zai ce sauro ne, kuma gwaji ya nuna sauron ne, aka ba shi magani ya warke. Abin lura shi ne ba a tsaya ga gwajin ba, sai da aka buɗe bandeji aka duba: raunin a bushe yake, gwiwar ba ta ƙara zafi ko kumburi ba, motsinta bai ragu ba. Shigar ƙwayar cuta cikin gaɓa bayan wannan aiki ba ta kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma idan ta faru tana cinye guringuntsi cikin kwanaki, kuma a ƙasar da gwajin zazzaɓin sauro ke iya nuna cutar a jikin mutane da yawa a wannan lokaci, abu ne mai sauƙi ta ɓuya a bayansa.

Sallah a kujera ta dame shi fiye da yadda aka zata, yana jin kunyar zama a sahun tsofaffi, har ya gwada sujada a ɓoye. Limamin unguwa ne ya kwantar masa da hankali da hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda aka umarci marar lafiya ya yi sallah a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kishingiɗe. Zaman tahiya yana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe har ƙarshenta, kusan digiri 150, kuma wannan ne yanayin da ya fi matse bayan faifan da aka ɗinke. Sai a wata na biyar ya koma cikakken zama, yana sa matashin kai tsakanin cinya da sha-raɓa da farko.

Lokaci mafi haɗari ya zo ne bayan an ajiye sanduna. Jijiyar da aka dasa tamkar dashen mangwaro take, wanda yakan yi yaushi kafin ya kama ƙasa: ƙwayoyin halittar da ta zo da su sukan mutu, sababbin hanyoyin jini su shiga, jiki ya sake gina ta a hankali, kuma tsakanin mako na 6 da na 12 ne ta fi rauni. A daidai lokacin ne zafi ke tafiya, mutum yana takawa lafiya, kowa yana yi masa barka. Ga wannan saurayi makonnin sun faɗo a kan kaka, ana girbin gero a gonarsu da ke hanyar Tibiri, hannu ya yi ƙaranci. Mahaifin ya ce: "Kai da nake gani kana zuwa masallaci da ƙafarka, dami biyu ne zai gagare ka?" Bai iya musu ba, ya hau moto ya tafi, ya wuni yana ɗaukar damma a kan kunyoyi. Washegari gwiwar ta cika da ruwa. Aka sake gwajin Lachman, ƙashin ya tsaya cak, jijiyar ta tsira, amma an yi asarar mako biyu kafin kumburin ya sace, tsokar kuma ta koma baya. Laifin ba na mahaifin ba ne shi kaɗai. Duk bayanin da aka yi, saurayin da kawunsa aka yi wa, alhali mai iko da lokacinsa yana gida bai ji ba. Bayan wannan kine ya zauna da shi ya zana masa watannin a takarda, daga nan shi ya koma mai hana ɗan nasa taɓa moto.

Daga wata na huɗu wata matsalar ta taso, wato kuɗi. Tiyatar ta cinye abin da aka tara da gudummawar dangi, ba a ware komai don watannin gashi ba, zuwa wurin kine sau biyu a mako ya koma sau ɗaya a mako biyu. Wannan tsari ne da ake yawan gani, a sayar da dabba don aikin awa biyu, a rasa na aikin wata tara. Aka mayar da atisayen gida: jarka cike da rairayi a matsayin nauyi, robar tayar moto ɗaure a turke, dakalin ƙofar gida don hawa da sauka da ƙafa ɗaya, tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ido a rufe. Ziyarar kine ta zama ta awo da ƙara nauyi. Ba a ba shi izinin gudu don kwanan wata ya cika ba, sai da ya iya saukowa daga dakali da ƙafa ɗaya gwiwar ba ta karkata ciki ba, babu kumburi, miƙewa cikakkiya. Ya fara da sassarfa a miƙe a kan ƙasa mai tauri, da ƙa'ida ɗaya: idan gwiwar ta kwana ta kumbura, a koma matakin baya. Tsalle da birki da juyawa sai a wata na shida zuwa na bakwai.

A watan Afrilu, wata tara cif, aka yi masa gwajin komawa fili, wanda ya ƙunshi tsalle da ƙafa ɗaya sau ɗaya, sau uku a jere, sau uku ana tsallaka layi, da tsallen mita 6 ana duba agogo, a kwatanta ƙafar da aka yi wa aiki da lafiyayyar. Ana neman kashi 90 cikin 100 ko fiye. Ya samu 82 a tsallen farko, kuma mai kallo yana iya ganin yana jin tsoron dirowa, yana karkatar da nauyi zuwa hagu. Abokansa suna matsa masa saboda gasar unguwanni, shi ma yana cewa ai wata taran ya cika. Kine ya ƙi. Wani bincike da aka yi a Nowe da Amurka aka wallafa a 2016 ya gano cewa kowane wata da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa na tara, yana rage haɗarin sake rauni da kusan rabi, kuma waɗanda cinyoyinsu biyu suka yi kusan daidai a ƙarfi sun fi tsira. Wani nazarin na shekarar ya nuna cewa a cikin ƴan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kusan ɗaya cikin huɗu ya sake tsinka jijiya, ko dai wadda aka dasa ko ta ɗaya ƙafar. Wata tara mafi ƙarancin lokaci ne, ba takardar sallama ba.

An ƙara masa wata biyu na nauyi da koyon dirowa a kan gwiwa mai ɗan lanƙwasa. A watan Yuni ya samu 93, aka bar shi ya shiga atisayen ƙungiya ba tare da karo ba, bayan ƴan makonni ya fara buga minti 20 na ƙarshen wasa. Har zuwa lokacin rubuta wannan nazari gwiwar ba ta sake kufcewa ba, ya koma kai kaya a kan moto, yana tsuguno da sujada ba tare da suka ba. Akwai sauran abubuwa: wani ɗan fili a fatar ƙasan tabon ba ya jin taɓi saboda ƙaramar jijiyar ji da tsagar tiyatar ta ratsa, tsokar bayan cinyar dama ba ta kamo ta hagu ba tukuna, gwiwar kuma takan yi tsami idan zaman tahiya ya yi tsawo. An ɗora shi a kan atisayen ɗumama jiki na FIFA 11+ kafin kowane wasa, da nauyi sau biyu a mako ga ƙafafu biyun, kuma zai koma Kano a duba faifan idan aikin ya cika shekara.